Saɓanin masu auna kusurwar ido daga ɗigo ɗaya yake farawa

Mun ɗauki hotunan kusurwar da ke tsakanin koniya (garai-garan murfin gaban ido) da airis (sashen ido mai launi) da na'urar AS-OCT mai ɗaukar hoton sassan gaban ido da haske, muka ba masu aunawa biyu, kowa ya yi nasa ba tare da ganin na ɗan'uwansa ba. Ɗaukar hoton bai ba mu wahala ba. Abin da har yanzu yake ci mini rai shi ne tsinin farin ido, wato ɗan tudun nan da tsokar siliyari (mai daidaita gani kusa da nesa) ke manne da shi a bayan matatar ruwan ido.

Duk ma'aunan daga nan suke tashi. AOD500, ma'aunin tazarar buɗewar kusurwa wanda Pavlin ya fito da shi a 1992 da na'urar UBM mai ɗaukar hoton ido da sauti, ana ƙirga maikiron 500 ne (rabin milimita) daga tsinin zuwa gaba, sannan a ja layi a miƙe zuwa fuskar airis. TISA500, ma'aunin filin da ke tsakanin matatar da airis, ita ma daga tsinin ake zana filinta. Manhaja tana yin lissafin daidai, amma hannun mutum ne ke ɗora ɗigon farko. A kusurwa mai digiri 20, in ɗigon ya goce gaba da maikiron 100, AOD zai ƙaru da wajen maikiron 36, alhali asalinsa wajen 180 ne kawai. Kashi ɗaya cikin biyar ke nan, kuma a idon da ake tsoron kusurwarsa ta toshe.

A ɓangaren hanci da na gefen kunne, masu aunawar sun yi kusa da juna. Sama da ƙasa kuwa sai a hankali: fatar ido tana rufe wurin, in ka ɗaga ta da yatsa ka danna ƙwayar ido, kusurwar ta sauya siffa. Binciken Sakata da abokan aikinsa a Singafo a 2008 ya gano tsinin a kashi 72 cikin 100 na hotuna ne kawai, kuma mu ma a sama da ƙasa ya fi ɓace mana. Mutum ɗaya ya bi layin cikin koniya har inda ya lanƙwasa, ɗayan ya bi iyakar tsoka mai duhu da farin ido mai haske. Kowa da hujjarsa, ɗigon kuma ya rabu.

Alƙaluman ICC, wato ma'aunin yadda sakamakon masu aunawa ya dace da juna, sun so su rufe wannan matsala. In aka haɗa idanu masu faɗin kusurwa da masu ƙunci, ICC yakan fito da kyau saboda bambancin idanun ya rinjayi kuskuren masu aunawa. Sai da muka zana jadawalin Bland da Altman, mai nuna tazarar da ke tsakanin awon mutum biyu a kowane ido, muka ware ƙuntatattun kusurwoyi daban, sannan girman saɓanin ya bayyana.

Don haka a rubuta ƙa'ida guda ta gano tsinin kafin a taɓa hoto na farko, a yi atisaye tare a kan hotunan da ba za su shiga lissafi ba. A kashe fitilar ɗaki, domin haske yana tsuke ƙofar ido ya ja airis ya buɗe kusurwa. Hoton da tsinin bai fito ba kada a yi masa cinta. A ajiye shi gefe, a faɗi adadin irinsa a rahoto, a kuma bayar da sakamakon kowane ɓangare na ido daban.