Aku da Musa, bayan na zama uwa

Tun ina aji biyar a firamare rabona da Magana Jari Ce, sai bana da autata ta zo da shi daga makaranta. Ban yi zaton zan iya karanta shi ba. Nakan taso daga shago a Terminus gab da magariba, in ɗora tukunya, in duba aikin gida na yara, kafin isha'i idona ya fara rufewa. Ga sanyin Jos, da ka shiga bargo shi ke nan.

Abin da ya taimake ni shi ne yadda Abubakar Imam ya gina littafin: labari ɗaya, dare ɗaya. Sai na bi shi a haka. Bayan isha'i in karanta guda a bayyane, in rufe. Ran da gajiya ta yi yawa, babban ɗana ya karɓa, ni in saurara. Na kuma daina tsayawa bayani a kan kowace tsohuwar kalma, su lifidi da zagi da sulalla, don yana kashe daɗin labarin. In sun tambaya, na faɗa.

Da ina yarinya, labaran kawai nake bi, irin su Sahoro da Sahorama, ina tsallake abin da ke tsakaninsu. Har haushin akun da ke ba da labaran nake ji, me ya sa ba zai bar Musa ɗan Sarki ya bi ɗan'uwansa Mahmudu fagen yaƙi ba? Yanzu wannan tsakanin ne ya fi kama ni. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, Waziri yana ƙulla makirci a hallaka yaron, kullum dare Musa ya zo da shirinsa yana neman a sallame shi. Akun ba shi da ƙarfin tare ƙofa, bai kuma taɓa yi masa tsawa ba. Sai ya ja shi da zance har gari ya waye, gobe ma ya sake.

Duk uwar da ta yi renon saurayi a garin nan lokacin dokar hana fita ta san wannan aikin. Yaro yana jin hayaniya a layi, abokansa na kira a waya, jininsa na tafasa. Ka kulle ƙofa, ya haura katanga. Abin da ya rage maka shi ne bakinka da haƙurinka, kuma a daren da ka fi gajiya ake buƙatarsu. Imam yana ɗan shekara ashirin da wani abu ya rubuta wannan a Zariya, littafi na farko ya fito a 1937, ina mamakin inda ya san zuciyar iyaye haka.

Da muka kai tsakiyar littafin, ɗana ya ce, "Umma, ai wayo akun nan yake masa." Na ce ƙwarai kuwa, da bai yi ba da Waziri ya samu yadda yake so. Yanzu mun shiga littafi na biyu, shi ke karanta mafi yawa.