Kalar modal tun wajen ɗaukar hoto ake gyara ta

Duk mai haɗa modal na 3D daga hotuna ya san ciwon kan nan, siffa ta fito tsaf amma kana shimfiɗa mata hotunan a jiki sai kaga gefe ɗaya ja wur, ɗaya gefen ya koɗe, ga layi a tsakani kamar riga mai faci. Abin da aikin nan ya koya min shine galibi ba laifin manhaja bane, tun a filin ɗauka matsalar ta samo asali.

In ka bar kyamara a oto to ita ke yanke wa kowane hoto haskensa da kalarsa. A ma'aunin kalar haske da ake kira kelbin, hasken rana wajen 5500 ne, inuwa kuma takan haura 7000 tana ja zuwa shuɗi, to kana zagaya bango ɗaya ka fito rana ka shiga inuwa kyamara sai canza lissafi take, ita kuma manhaja ta yanko nan ta yanko can ta haɗe. A ginin jar ƙasa mai zane abin ya fi muni wallahi, don jan nan ko ɗan kaɗan ya motsa ido ya gani. Shi yasa yanzu kafin in danna komai sai na kulle ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) da saurin ɗauka da buɗin lens da ma'aunin fari (saitin da ke nuna wa kyamara wace kala ce fari), kuma RAW nake ɗauka, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, JPEG ya riga ya dafa kalar ba ya gyaruwa sosai.

Sai katin kala. ColorChecker, kati mai gidajen kala 24, nake jingina a jikin bangon in ɗauke shi a hoton farko, in kuɗin bai kai ba katin toka ma ya wadatar. A manhajar gyaran hoto irin su Darktable ko Lightroom ka saita fari da gidan tokar sannan ka kwafe saitin kan sauran hotunan gaba ɗaya, kar ka bi su ɗai-ɗai kana gyarawa da ido, ido sabawa yake yana yaudara. In hasken ya sauya ana cikin aiki a sake ɗaukar katin.

Metashape, manhajar haɗa modal daga hotuna, na da abin daidaita kala mai suna Calibrate Colors kuma yana taimakawa, amma ɗan bambancin haske yake lallaɓawa. Inuwa wani abu ne daban, in ta kwanta cikin ramin zane ta shiga hoto to ta manne, ka kai modal ɗin manhajar 3D ta Blender ka haska ta wani gefen tana nan daram. Akwai manhajar De-Lighter ta Agisoft, masu Metashape, kyauta mai rage ta, sai dai gaskiya ni gara in jira ranar da gari ya yi lumshi. Hazon hunturu ma na tausasa inuwa, ɗorawar da yake sa wa hoto kuma katin zai cire ta.