Yini a bikin Afrilu na Sebiya

Laraba da dare, Sebiya, Sifaniya.

Tun azahar na isa filin Los Remedios, tsallaken kogin Guadalquivir, inda ake yin Feria de Abril, wato bikin Afrilu, tun 1973. Dawakai na fara cin karo da su. Maza sanye da gajeren kwat da malafa mai faɗi, mata zaune a karkace a bayansu, rigunansu masu ɗigo-ɗigo sun baje har gindin doki. Ga kekunan da alfadarai ke ja, ƙararrawa sai ƙara take. Na daɗe tsaye, raina ya tafi hawan Daushe a Kano. Asalin bikin ma kasuwar dabbobi ce da aka buɗe a 1847 da izinin Sarauniya Isabel ta biyu. Masu saye da sayarwa suka riƙa kafa rumfuna don shan inuwa da cin abinci, yau cinikin dabbobi ya tafi, rumfunan suka gaje filin.

Su kuwa rumfunan nan sun sosa min rai da farko. Sun haura 1,000, jere reras, amma mafi yawansu na iyalai ne da ƙungiyoyi, da mai gadi a bakin ƙofa. Kana jin kiɗa da tafi, kana hango mutane suna dariya, ba halin shiga sai da gayyata. Akwai 'yan kaɗan na kowa da kowa, na leƙa ɗaya, babu masakar tsinke.

Da la'asar wata abokiyar karatuna ta fito ta ja hannuna zuwa rumfarsu. Mahaifiyarta ta miƙe ta ba ni kujerarta. Aka turo farantin naman alade da tulun rebujito, wato giyar manzanilla da aka sirka da lemo. Na ce ba na ci, ba na sha. Ko gezau ba ta yi ba, ta ture su gefe ta ce, "To 'yata, kifi fa?" Sai ga soyayyen kifi da zafinsa, da wainar ƙwai da dankali, da ruwan sanyi.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wata yarinya da ba ta wuce shekara shida ba, tana rawar sevillanas da kakanta. Rawar kashi huɗu ce, kowanne da takunsa. Tsohon ba ya ɗaga ƙafa sosai, amma hannayensa da idanunsa suna biye da ita, ita kuma ta ɗaure fuska kamar babba, tana juya tafin hannu a sama. Nan na fahimci dalilin mai gadin: falon gidansu ne suka ɗauko suka kawo fili na mako guda.

Ƙarfe takwas aka fitar da dawakai daga filin, aka kunna fitilun takarda a kan tituna. Da zan tafi Mama ta riƙe ni ta ce gobe in zo da wuri, kuma kada in ci komai a hanya.