Na gama bida, na dawo Tawa, sai hutu ya kwantar da ni

Mu mutanen Adar an san mu da bida, wato tafiya neman kuɗi a baƙuwar ƙasa. Ni Abijan na yi, a kasuwar Ajame, ina sayar da atamfa tun ina saurayi har furfura ta cika kai. Na gina gida a Tawa, na sauke farali, na aurar da ƴaƴa, sannan na damƙa wa ƙanena shago na dawo in huta. Hutun nan ne ya kusa gamawa da ni.

Babu inda ke mini ciwo. Barci ne ya ƙaurace, tuwo ya daina daɗi, in an idar da sallar asuba sai in zauna ƙofar gida ban san yadda zan yi da yinin ba. Abin da har gobe yake ƙona mini rai shi ne dukiya da watannin da suka tafi wajen neman cutar a jiki: awon jini, awon suga, hoton ƙirji, ƙwayoyin barci masu sa mutum ya wuni kamar ɗan maye. Kowane awo ya fito lafiya lau. Da na buɗe wa wani aminina cikina, cewa ya yi: "Haba Alhaji, ka ji tsoron Allah! Kai da ka samu komai? Wannan ai butulci ne." Maganar nan ita ta ɗinke mini baki, na koma bin ɗakunan awo, don ciwon jiki ba a zagin mai shi.

Ɗiyata da ke aikin jinya a Yamai ce ta matsa har na yarda na ga wani masanin halayyar ɗan Adam, yaro sa'ar ɗana na biyu. Na shiga ina jiran takardar magani. Ya saurare ni har na gaji da magana, sannan ya ce: "Baba, gobe da safe wa yake jiranka?" Na lalubo, ban samu ko mutum ɗaya ba.

Daga baya ya bayyana mini cewa hanyar da yake bi jinya ce ta neman ma'anar rayuwa. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa ɗan birnin Biyana, wanda ƴan Nazi suka tsare daga 1942 zuwa 1945, har da sansanin Auschwitz, ya fito da rai amma iyayensa da matarsa duk sun mutu a sansanonin. A ganinsa, mutum kan jure wahala mai tsanani muddin ya san don me yake jurewa, kuma wanda ya ƙoshi ma yakan durƙushe in ya rasa wannan dalilin. Har da sunan da yake kiran irin halina, ciwon ranar Lahadi, wato ƙuncin da ke sauko wa ma'aikaci ranar da babu aiki. Ni ko Lahadina ba ta da Litinin. Wallahi jin cewa abin sananne ne ya fi dukan ƙwayoyin nan amfani.

Wani likitan Amurka, Irvin Yalom, a 1980 ya tattara manyan damuwoyin ɗan Adam a abu huɗu: mutuwa, kaɗaici, rashin ma'ana, da ƴancin zaɓi tare da nauyinsa. Maganar mutuwa ba ta ba ni wuya ba, mu da muke raka gawa kusan kowane mako. Ta zaɓi ce ta ƙona ni. Na daɗe ina cewa bida ce ta raba ni da ƴaƴana, shi ya sa in na shigo zaure sai hira ta mutu. Yaron nan ya dube ni ya ce: "Baba, bayan shago ya tsaya da ƙafafunsa, wa ya hana ka dawowa?" Na ɗauki hulata na fita. Na jima ban koma ba, ina ta faɗa wa ɗiyata yaron ba shi da ladabi. Amma tambayar ta biyo ni har Tawa. A Abijan ni wani ne, ana tashi in na iso, a gida kuwa baƙo ne mai aiko kuɗi.

Na yi zaton zai taɓa mini addini, bai taɓa ba. Da na ce an halicce mu ne don bauta, ya ce haka ne, sai in faɗa masa yadda tawa bautar za ta kasance tsakanin hantsi da azahar. Bai taɓa cewa in yi kaza ba. Wanda ke son a ba shi shawara ko a ce masa ya yi haƙuri, kada ya ɓata kuɗin mota.

Yanzu samarin unguwa masu shirin tafiya suna zuwa wurina da hantsi, ina koya musu lissafin jari da yadda ake zama da mai gidan haya a baƙuwar ƙasa, ina kuma gaya musu su riƙa dawowa ko da ba su tara ba. Barci ya dawo, ko da yake ba kullum ba.

Mai jin irin abin da na ji, ya yi awon jiki sau ɗaya a tabbatar, kada ya mai da shi sana'a. In kuma har tunanin kashe kai ya fara zuwa, wannan na likitan ƙwaƙwalwa ne cikin gaggawa, shi kansa yaron ya ja mini kunne a kan haka. Abin haushi, kowane zama sai na bi ta Ƙonni da Doso, fiye da kilomita 500, kafin daga baya ya yarda mu riƙa yi ta waya. Tsoho nawa ne a Adar ke da ɗiya a Yamai da za ta ja shi?