Rage rawanin bene a wata falaza

Talata, tsakiyar Maris, Kano.

Aikin yau a saman wata falaza ne mai hawa uku, shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama, gabanta kuma titi ne da ba ya rabuwa da 'yan adaidaita da masu talla. Rawanin, wato gajeren bangon da ya zagaye dekin saman ginin, na kankare ne, kaurinsa santimita 15, tsayinsa mita 1.2. Mai ginin yana so a rage shi ya koma santimita 40, saboda inuwar da zai yi wa farantan sola da za a shimfiɗa, da kuma tsagewar da ta fito a fuskar da ke kallon titi, har ɓarɓashi ya fara zubowa kan rumfunan shaguna. Tsatsa ce ta jawo tsagewar. An ɗaura rodi kusa da fatar kankare, wani wurin bai kai santimita ɗaya ba, alhali bangon da ruwa da rana ke duka yana bukatar santimita 3 zuwa 4 a kan rodinsa. Ruwa ya samu hanya, ƙarfe ya kumbura, ya turo kankare waje.

Kafin a tayar da inji sai da muka sauka hawa na uku, muka cire silin a gefe huɗun, muka leƙa ƙarƙashin dekin da tocila. Wannan dubawar ta fi komai muhimmanci, kuma ita aka fi tsallakewa. Ba kowane rawani ne aka yi don ado da tare ruwa ba. Akwai wanda mai zanen ginin ya mayar da shi bim, wato kankaren da ke kwance daga fila zuwa fila yana ɗauke da nauyin deki: maimakon ya sauko da bim ƙasan dekin ya tare tagogi, sai ya juya shi sama, dekin ya rataya a jikinsa. In an yi fulasta an shafa fenti, ido ba ya raba su. Rawani na yau da kullum rodinsa a tsaye yake, milimita 10 ko 12, tazarar kamar santimita 20, da wasu sirara a kwance, kuma za ka tarar da bim ɗinsa daban a ƙasa. Gefe uku haka muka same su. Gefen baya ne ya bambanta. Tsakanin fila da fila ya haura mita 7, ƙasan dekin a shafe babu bim, rawanin wajen kuma ya fi sauran kauri, santimita 23. Muka fasa 'yar kafa a samansa da guduma da kurfi, sai ga rodi milimita 20 guda biyu a kwance, zobba sun kewaye su kusa da kusa. Bim ne, babu tantama.

Ƙarfin bim a tsayinsa yake. Wanda ya yanke santimita 80 daga wannan ya tafi da rodin sama da zobban gaba ɗaya, abin da ya rage ba zai riƙe dekin ba. Ba lallai ya rufta nan take ba, wani lokaci sai dekin ya lotsa a hankali, ruwa ya fara kwanciya a wurin, nauyi ya ƙaru, sannan a ji labari.

Mai ginin ya hau da hantsi na nuna masa. Ya ce, "Injiniya, in aka bar gefe ɗaya ai ginin zai zama bambaraƙwai."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan gefen shi ke ɗauke da rufin ofisoshin baya. In dole sai an taɓa shi, sai an yi sabon lissafi, an sa wani bim a ƙasa tukuna, injiniya mai rajistar hukumar injiniyoyi ta COREN ya sa hannu, a kai wa KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano. Matsar da sola daga inuwarsa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba."

Ya amince, muka shafa wa gefen jan fenti daga kusurwa zuwa kusurwa don kada wani yaro ya kai masa inji bisa kuskure.

Daga nan aka kwashe abin da ke jingine da bango: wayoyin fitilun waje da aka binne a fulasta, bututun tankin ruwa, ƙarfen maganin tsawa da ke bin saman rawani, da ƙusoshin allon talla. An kashe wutar saman daga allon fis. Layin wutar KEDCO na bin bakin titin, don haka babu wanda aka bari ya ɗaga dogon faif a gefen gaba shi kaɗai. A waje an kafa gadon tsayawa na ƙarfe, an shimfiɗa katako ba giɓi, an tayar da filawud ya wuce saman rawani, yadda duk abin da ya kufce zai tsaya nan. A ƙasa an killace gaban shagunan da ake aiki a kansu, mutum ɗaya ba shi da aiki sai mayar da masu wucewa. Igiyar killacewa kaɗai ba ta hana kowa ratsawa a titin Kano.

Lissafin nauyi shi ke nuna girman guntun da za a yanka. Kankare mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi yana kai kilo 2,400. Abin da muke cirewa a kowace mita ɗaya ta bango kilo 288 ne. Guntu mai faɗin santimita 30 a cikakken tsayin santimita 80 da ake cirewa ya kai kilo 86, kuma mutum biyu a bakin bene ba sa iya tare shi in ya karkata waje. Shi ya sa muka raba tsayin biyu, santimita 40 sau biyu, kowane guntu ya koma kilo 43, bai kai buhun siminti ba. Hakan na ninka yanka, yana cin faifai da fetur, amma ban ga hanyar da ta fi ta ba in babu kiren.

An fitar da layi da tiyon ruwa, aka buga igiya da alli a ciki. Don layin ciki da na waje su haɗu, an huda bango da siririn bakin dirila a kan layin, kowace mita ɗaya, aka bi hujin aka ja na waje. Dalili shi ne injin da muke da shi mai faifai inci 14 ba ya nutsewa fiye da santimita 12.5, bango kuwa 15 ne. Ragowar santimita biyu da rabi ita ke ruɗar ma'aikata, su ce a ba shi guduma ɗaya ya ɓalle. Zai ɓalle, amma waje zai nufa, kuma zai yago fatar bangon ƙasa da layi. Don haka aka fara tsaga waje da giranda inci 9 zurfin santimita 4, sannan babban inji ya shigo ta ciki.

Yankan kwance ake fara yi, tsawon mita ɗaya da rabi, tun bangon yana riƙe da kansa ta gefe da gefe. Ana tafiya ana cusa guntayen ƙarfe masu bakin gatari a cikin tsagar. In aka fara da yankan tsaye, lokacin da aka zo na kwance nauyin guntun zai danne faifai, inji ya yi tutsu ya dawo wa mai riƙe da shi. Kowane guntu an huda shi kusa da sama an zura igiya kafin yankan ƙarshe, ƙarshen igiyar kuma a filar ɗakin matakala, inda ɗamarar tsaron masu yanka ma take ɗaure da tata igiyar daban. Ƙafar tanki da bututun ruwa ba wurin ɗauri ba ne.

Ba mu sa babban injin fasa kankare ba, ko da yake ya fi sauri. Girgizarsa na bin rodi ta sauka bakin dekin, ta buɗe tsagar da ba za a gani ba sai damina.

Ruwa bai daina zuba a kan faifai ba duk yinin. Yana sanyaya shi, yana kuma kwantar da ƙura, wadda ita ce ke taruwa a huhun masu wannan sana'a ta zama ciwon da ba ya warkewa. Duk da ruwan kowa na sanye da takunkumi da gilashin ido. Matsalar ruwan ita ce kunun simintin da yake haifarwa: in ya gangara bututun ruwan sama ya daskare, sai an fasa bango a canza bututu. An toshe bakin kowane indararo da tsumma, aka tare da buhunan yashi, ana kwashe kunun da shebur tun yana ɗanye.

Ba a tara guntaye a sama. Rufin da aka yi don mutane su hau yawanci kilo 150 aka ƙiyasta masa a kowace murabba'in mita, wanda ba a yi don hawa ba kuma wajen rabin haka. Gefe ukun nan mita 60 ne, wato sama da tan 17. Duk guntun da ya fito ana aza shi kan filawud don kada ya huda shimfiɗar kwalta mai hana yoyo, a kai shi bakin kura mai igiya a sauke ta bayan gini. Rodin da ya fito 'yan gwangwan na jira.

Wani daga cikin masu shaguna ya tambaya me ya sa ba za a share rawanin gaba ɗaya ba. Shimfiɗar kwaltar rufin ta hau jikin bango santimita 30, an cusa bakinta cikin tsaga an liƙe. In aka yanka ƙasa da nan bakin ya buɗe, ruwa ya bi bayanta, yoyo ya fito a tsakiyar ofis nesa da inda ya shiga. Ƙasa da santimita 15 ba a yarda shimfiɗa ta tsaya ba.

Bayan la'asar birkila ya bi inda aka gama. Kan kowane rodi an ci shi da giranda ya nutse santimita 2, an goge da burushin ƙarfe, an shafa maganin tsatsa, an cike ramin. In aka bar su a buɗe, ciwon da ya kawo mu zai dawo. Gobe za a kafa katako a zuba wa bangon hular kankare mai kaurin santimita 7, kwanon siminti ɗaya, yashi biyu, ƙananan tsakuwa huɗu, a karkatar da ita ciki, a fito da bakinta waje kaɗan da 'yar tsaga a ƙasa don ruwa ya ɗiga maimakon ya bi bango. A zafin nan sai an lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu kwana 7, in ba haka ba ta tsattsage. Dole a gama kafin iskar farkon damina ta watan Mayu.

Mita 14 aka yanke yau. Bango mai santimita 40 ba ya tare mutum, yana ma iya harɗe shi, don haka kafin a tashi an kafa shingen faif na wucin gadi, an kulle ƙofar matakala. Mai walda ya auna na dindindin, tsayin mita 1.1 daga dekin, zai sayo ƙarfen a Ƙofar Ruwa. Da safe za mu isa kusurwar gaba, inda faifai ke zarce layi saboda zagayensa, don haka sai an fara huda rami a daidai mahaɗar layukan biyu, yanka ya tsaya a cikinsa.