Goron da na ci yau a Anacha

Yau abokin cinikina ya kai ni gaida mahaifinsa a Anacha, dattijo mai jar hula, mai sarautar ozo, wata sarautar gargajiya ta Ibo. Ko gama gaisuwa ba mu yi ba aka kawo goro a akushi. Babu wanda ya kai shi baki. Aka zagaya da shi, kowane namiji ya taɓa akushin, har ya koma hannun tsohon. Ya ɗaga ƙwaya ɗaya sama, ya kira Chukwu, wato Ubangiji a harshensu, ya kira kakanninsa, yana roƙon lafiya da zuri'a da tsawon rai, jama'a na amsawa da "Ise!", wato amin. Da harshen Ibo ya yi duka, don a cewarsu goro ba ya jin Turanci.

Da ya ɓare shi ya fito ɓari huɗu, sai ɗakin ya kaure da murna. Huɗun nan ranakun kasuwarsu ne: Eke, Orie, Afo da Nkwo, alamar albarka. Ya miƙo mini nawa da tunkuzar gyaɗa mai yaji, ya ce da Hausarsa ta tsohon mazaunin Sabon Gari, "Ci, ɗana." Mu da muke cin goro kullum, rabona da in ga an tsaya masa haka tun ɗaurin auren ƙanwata.