Wata na goma sha huɗu da kyamara: na zauna da hotunan da suka lalace

'Yan uwana masu koyo, wannan watan ban ɗauki hotuna da yawa ba, kuma gara in faɗa muku dalili tun farko. Raina ne ya biya da sabuwar kyamara. Kusan mako biyu ina kwana ina tashi da abin. Da dare sai in kwanta da waya a hannu ina kallon masu gwajin kyamarori a YouTube, wannan ya ce tasa ta fi gani a duhu, wancan ya nuna yadda tasa ke kama idon mutum ko da gudu yake yi. Tawa kuwa tana cikin jaka, ko cajin batir ban yi mata ba. Na lura wannan ciwon yakan kama mai koyo ne daidai lokacin da idonsa ya fara rarrabe hoto mai kyau da marar kyau, amma hannunsa bai kai inda idon ya kai ba tukuna. Tazarar da ke tsakani tana ƙona rai, sai mutum ya fara neman abin da zai saya ya cike ta.

Kyamarar da nake koyo da ita DSLR ce, wato mai madubi a ciki, mai ƙaramar sensa (farantin da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto), irin wadda ake kira APS-C, megafiksel 24, da gilashin gaba, wato lens, da ta zo da shi, 18-55mm f/3.5-5.6. Wadda nake hange kuwa marar madubi ce mai babbar sensa, ful-firem. Tun da Sony ya fito da A7 a 2013, Canon da Nikon kuma suka biyo baya a 2018 da EOS R da jerin Z, hankalin kowa ya karkata can. Mai riƙe da DSLR yana ji kamar ayari ya tashi an bar shi a zango.

Abin da ya tayar da ƙurar hoton ɗan ƙanwata ne. Yaron ya fara tafiya. Wata yamma a ɗaki ya saki kujera ya nufo ni, hannuwa a sama, yana dariya. Na danna sau bakwai. Da na duba, babu ko ɗaya da fuskar ta fito: kan ya zama kamar hayaƙi, hannuwan sun ja zare. Uwarsa ta karɓi kyamarar ta duba ɗaya bayan ɗaya, ta miƙo mini ta ce, "Ba komai, Yaya, wani lokacin." Na so a ce na ba ta wannan hoton, domin takun farko ba ya maimaituwa. A daren na yanke hukunci cewa kyamarar ce ba ta iya duhu ba.

Da na gaji da saƙa da warwara, sai na ce kafin in taɓa aljihu bari in zauna da hotunan da suka lalace. Ban cika goge su ba, suna nan jibge a kwamfuta. Na ware guda sittin daga cikin waɗanda suka fi ɓata mini rai a watannin baya, na riƙa buɗe bayanan EXIF na kowanne, wato lambobin da kyamara ke liƙa wa hoto: saurin ƙiftawa (lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga), faɗin ƙofar haske (lambar f, ƙaramar lamba ta fi faɗi), ISO (ƙarfin jin hasken sensa), da tsawon da gilashi yake kai (lambar mm). Tambaya ɗaya nake yi wa kowane hoto: da a ce kyamarar da nake hange ce a hannuna a wannan daƙiƙar, da saitin da na yi, da inda na tsaya, da hoton ya tsira?

Na fara da na yaron. Ga abin da na gani: 1/15 na daƙiƙa, f/5.6, ISO 400, gilashi a 55mm. Na daɗe ina kallon lambobin nan. Babu kyamarar da za ta tsayar da yaro mai tafiya a 1/15, komai tsadarta. Ko tsayawa ya yi cak, rawar hannuna kaɗai ta isa ta ɓata hoton, tun da tsohuwar ƙa'idar ita ce kada saurin ƙiftawa ya gaza ɗaya bisa tsawon gilashi, wato 1/55 a nan, a ƙaramar sensa ma sai an ƙara. ISO ɗin kuwa ni na saba kulle shi a 400 tun watannin farko, saboda wani ya tsorata ni da yashi-yashin da ke fitowa a hoto idan an ɗaga shi. Da na bar shi ya hau 3200, ninki uku ke nan a jere, 800, 1600, 3200, saurin zai tashi daga 1/15 zuwa 1/125. Da kuma na mayar da zum ɗin 18mm na matso kusa, ƙofar za ta buɗe zuwa f/3.5, hasken da ke shiga ya ƙara ninkawa fiye da sau biyu. Duk wannan yana cikin kyamarar da ke hannuna a wannan yammar.

Washegari na koma ɗakin a daidai wannan lokaci na gwada. ISO 3200, f/3.5, 1/250, na durƙusa daidai tsayin yaron, na sa fitilar ɗakin ta kasance a gabansa maimakon bayansa. Yashi-yashin yana nan, musamman a inuwar bango, ba zan ɓoye muku ba. Amma idanunsa sun fito tar, har ƙyallin fitila a cikinsu, da haƙoransa biyu na ƙasa. Uwarsa ba ta ko lura da yashin ba. Hoto mai yashi ana iya rage masa a kwamfuta, musamman idan da RAW aka ɗauka, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Wanda ya yi dishi-dishi saboda motsi kuwa ya tafi ke nan.

Sauran hotunan ma kusan haka labarinsu yake. Wasu na ɗauke su da tsakar rana, inuwa ta cika kwarmin ido. Wasu fokas ya sauka a kan bangon baya domin na bar wa kyamara ta zaɓa da kanta. Akwai wanda sanda ta tsiro daga kan mutumin, akwai masu karkataccen layin ƙasa, akwai da yawa da kawai ban matsa kusa ba. A cikin sittin ɗin, tara ne na iya cewa da gaske kayan aiki ne suka gaza, kuma zan dawo kansu.

Sai na ɗauki biro na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. Sensar ful-firem faɗinta 36mm ne, tsayinta 24mm. Irin tawa kuwa wajen 23.5mm da 15.6mm. Idan aka buga, babbar ta ninka ƙaramar a fili sau biyu da 'yan kai. Wato ribar da zan samu a duhu, idan fasahar sensar ta zo ɗaya, ba ta wuce mataki ɗaya da ɗan ɗoriya ba (mataki ɗaya shi ne haske ya ninka sau biyu). To ku kwatanta da gilashi. Nawa a 55mm ba ya buɗewa ya wuce f/5.6. Ƙaramin gilashi marar zum mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na wannan, sama da mataki uku ke nan. Kuma irin waɗannan gilasan, 35mm ko 50mm, suna cikin mafi araha a wurin kusan kowane kamfani. Abin da na fi kwaɗayi shi ne mai ƙaramar riba ga matsalata, wanda ban ko waiwaya ba shi ne mai babbar. Ban taɓa jin an faɗa mini haka ƙarara a bidiyon gwaji ba, wataƙila domin sabon jiki ya fi daɗin nunawa.

Maganar megafiksel ba zan ja ta ba. Megafiksel 24 yana nufin ɗigo 6000 a kwance, 4000 a tsaye. Idan aka buga shi a takarda da ɗigo 300 a kowane inci, zai ba da hoto mai inci 20 da 13, ya wuce rabin mita a faɗi. Allon 4K gaba ɗayansa megafiksel 8 ne da ɗan kai. Ni kuwa ban taɓa buga hoton da ya wuce girman littafin rubutu ba. Nikon D1 da ta fito a 1999 megafiksel 2.7 gare ta, kuma da irinta masu ɗaukar hoton jaridu suka yi aiki. Kyamarar dijital ta farko da Steven Sasson ya haɗa a Kodak a 1975 ɗigo 100 sau 100 take ɗauka, baƙi da fari, tana cin daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kaset. Nakan tuna wannan in sake kallon abin da ke cikin jakata da wani ido.

Amma gani ya kori ji, shi ya sa na roƙi wani abokina ya ara mini tasa, ful-firem marar madubi, na yini guda. Ba zan yi muku ƙarya ba, kyamarar ta yi. Tana kama ido ta bi shi duk inda ya juya. Kafin ka danna kana ganin yadda hasken hoton zai fito a cikin ƙaramin allon leƙawa. Inuwa tana fitowa sumul a ISO ɗin da tawa ke fara yashi. Wanda ya ce babu bambanci bai riƙe ta ba. Da dare na zuba hotunan a kwamfuta na jera su kusa da nawa na da. Sun fi tsabta, amma idon da ya tsara su bai canza ba. Ga mutum a tsakiyar hoto kamar kullum, ga bayansa cike da tarkace, ga hasken da ban jira ya yi laushi ba. Kurakuraina ne dai, sun fito garau.

Aron ya kuma nuna mini abubuwan da ban sa a lissafi ba. Sauya jiki sau da yawa sauya gida ne dungurungum: bakin da gilashi ke shiga daban, sai dai a nemi mahaɗi, kuma gilashin da aka yi wa ƙaramar sensa ba ya cika babba. Batir daban, wani lokaci katin memori ma daban. Hotunan sun fi nauyi, kwamfutata ta riƙa jan ƙafa wajen buɗe su. Sannan da gilashinta mai kyau a kai, kafaɗata ta san ta ɗauki kaya kafin la'asar. Na tambayi kaina ko zan riƙa fita da ita kullum kamar yadda nake saɓa tawa ba tare da tunani ba, ban samu amsar da ta kwantar mini da hankali ba.

Yanzu ga guda taran nan. Shida na tsuntsaye ne. Ina son ɗaukar ƙananan tsuntsaye, kuma 55mm ba zai taɓa kai ni gare su ba. Kafin in matsa sun tashi, idan na yanko hoton kuma sai ya farfashe. Wannan ba rashin iyawa ba ne, gilashi mai nisa ake buƙata, wajen 300mm ko sama. A nan ma ƙaramar sensa taimakona take yi, domin tana matso da abu kusan ninki ɗaya da rabi, 300mm ya yi aikin 450mm. Sauran ukun a duhu ne sosai, inda na riga na kai ISO ƙarshen abin da zan iya jurewa, ƙofa a buɗe, hoton kuma ya ƙi. Su ne f/1.8 zai ceta. Don haka ban ce kada kowa ya sayi komai ba. Wanda yake ɗaukar wasanni, ko wanda aikin ya zama sana'arsa yana hidimar mutane a wuraren da haske ya yi ƙaranci, buƙatarsa daban ce da tawa. Ni dai yanzu ina iya nuna hoton da ya lalace da yatsa in faɗi sunan abin da ya rasa, kuma a wata biyu da suka wuce ba zan iya ba.

Wani abu da na lura da shi a kaina, ku duba ko haka yake a wurinku: kwaɗayin ba ya zuwa mini ranar da na fita ɗaukar hoto. Ranar da na dawo da ƙura a ƙafa da kati cike, tunanina yana kan haske da inda ya kamata in tsaya. Sai na yi kwana huɗu ko biyar ban taɓa kyamara ba sannan bidiyoyin gwaji suke fara yi mini daɗi. Kallonsu yana sa mutum ya ji kamar yana cikin harkar, alhali ko hoto ɗaya bai ƙaru ba.

Ana yawan kawo misalin Henri Cartier-Bresson, Bafaranshen nan da yake cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta Magnum a 1947, cewa akasarin aikinsa da kyamarar Leica da gilashin 50mm ya yi. Leica ba kayan araha ba ce, don haka ba na ɗaukar misalin a matsayin hujjar cewa kaya ba su da muhimmanci. Abin da na ɗauka shi ne daɗewar da ya yi da tsawon gilashi ɗaya, har idonsa ya san iyakar hoton kafin ya ɗaga kyamara. Ni kuwa EXIF ya nuna mini kusan kullum ina ƙarshen zum ne, ko 18 ko 55, alamar da yatsa nake tsara hoto, ƙafata ba ta motsi.

Saboda haka ga aikin wata mai zuwa. Na juya zum ɗin zuwa 35mm na naɗe shi da salatif don kada ya motsa. A sensata wannan yana daidai da kusan 52mm a ful-firem. Na saki ISO ya riƙa hawa da kansa har 3200, na sa mafi ƙarancin saurin ƙiftawa a 1/125. Na yanko farin kwali na sa a jaka domin mayar da haske kan fuska idan ina ɗauka kusa da taga. Jiya na gwada shi da wata tsohuwa da ta yarda ta zauna mini: da na kawo kwalin gefen da ke inuwa, sai layukan kumatunta suka fito a hankali, idon da ya ɓace ya dawo. Zan fita aƙalla sau uku a mako. Idan wata ya cika na ga 35mm ya zauna mini, zan nemi mai f/1.8, ko da wanda aka yi amfani da shi ne, bayan na haska shi da tocila na tabbatar babu fumfuna a ciki. Na tsuntsaye zai jira. A ƙarshen watan zan sake ware hotunan da suka lalace, in kawo muku lambobinsu mu duba tare.